Masu cewa za su ɗora ka saman Google

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatanku baki ɗaya, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wata sana'a da ta shigo mana gari, wato masu cewa ka ba su kuɗi su ɗora shafinka saman Google, SEO suke ce mata. Ni dai ba ɗan boko ba ne can can, hatsi nake saye da sayarwa nan Katsina, amma ina da ɗan shafi da ƙanena ya buɗe mani inda nake saka farashin gero da dawa da masara in na dawo daga Charanchi ko Mai'adua, kuma harkar nan ta ci mani kuɗi kafin in gane kanta.

Bara wani yaro ɗan gayu da laftop a jaka ya same ni rumfa, ya ce in kawo naira dubu 40, cikin sati biyu duk wanda ya rubuta "farashin abinci a Najeriya" ni zai fara gani. Na ba shi. Ashe abin da ya yi kawai ya je ya sayo linki, wato mahaɗin da ake latsawa a wani shafi ya kai mutum wani shafin, barkatai daga shafukan caca da na maganin ƙiba, har da wasu da ban ma san ko yaren wace ƙasa ba ne, duk suna nuno nawa, sannan ya bi rubutuna ya cusa "farashin abinci" kusan kowane layi har karatun ya koma kamar na mai in'ina. Wata uku ko motsi shafin bai yi ba, yaron kuma lambarsa ta daina shiga. Sai daga baya ƙanen nawa ya bincika yake faɗa mani ai tun 2012 Google ta fito da wani tsari mai suna Penguin don maganin masu sayen linki, daga 2016 ma yawanci share su kawai take yi kamar babu su. Ka ji fa, dabarar da ta mutu fiye da shekara goma ita aka sayar mani a sabuwa.

To amma babban kuskuren nawa ne ni kaina, don kalmar da na yarda a nema mani ta fi ƙarfina. Malam Edita kai ma ka gwada, rubuta "farashin abinci" ko "labarai" ka ga su wa ke shafin farko, BBC Hausa ce wadda tun 1957 take watsa shiri, da Aminiya da DW da RFI, masu wakilai ko'ina kuma kowa na ambaton su. Ni da rumfa ɗaya da waya mai fasasshen gilashi ina zan ja da waɗannan? Amma da na rubuta "nawa ne tiyar gero a Katsina" sai na ga fili fetal, wani tsohon rubutun Facebook ne sai wasu sakamako na Turanci da ba su ma da alaƙa da tambayar. Nan ne wurin kasa kaya. Awon gasa ke nan a wajena, ka rubuta kalmar da hannunka ka duba goman farko ɗaya bayan ɗaya, manya ne ko ƙanana, sun amsa tambayar ko kewaye-kewaye suka yi, rubutun na bana ne ko ya kwana biyu. Akwai manhajoji na kuɗi irin su Ahrefs da Semrush masu ba kalma maki daga 0 zuwa 100 wai wuyarta ke nan, to a sani wannan lissafinsu ne ba na Google ba, kuma in ka saka masu kalmar Hausa sau da yawa sai su nuna kamar ba mai nemanta, alhali ga mutane na nema kullum.

Inda ake ganin gaskiyar shi ne Search Console, wani dandali da ke nuna wa mai shafi kalmomin da mutane suka nema har shafinsa ya fito, kyauta ne kuma na Google ne. Ranar da muka fara buɗe shi har dariya na yi, don ga ainihin yadda mutanenmu ke tambaya, "kudin buhun masara yau" ba lanƙwasa a d ɗin, wani ya haɗa da Turanci, wani ma cewa ya yi "dawa ta sauko ne". Tun daga ranar na daina kanun labari irin na rediyo, ina rubuta shi yadda mai saye zai tambaye ni bakin rumfa.

Saukowar shafi daga matsayinsa a Google kuma dole ce. Google na sauya ma'auninta sau da yawa a shekara kuma tana sanar da manyan, na watan Maris 2024 sai da ya ɗauki kwana 45 kafin ya gama, a irin wannan lokaci yau kana na uku gobe na tara jibi ka dawo, in ka ruɗe ka kama goge-goge da canje-canje ba za ka ma san abin da ya gyara ko ya ɓata ba. Wani lokacin ma matsayinka na nan daram, masu nema ne suka ragu, don yadda ake cigiyar farashin gero da damina in rumbu ya yi ƙasa ba haka ake yi da kaka ba.

Roƙona biyu ne. Ku ɗan ware fili a jaridar nan wanda ya san abin ya riƙa yi wa matasa bayani da Hausa, don masu ɗinki da masu kilishi da masu turaren wuta duk sun fara faɗawa hannun irin yaron can. Na biyu kuma in za ku buga farashin kasuwa don Allah ku saka kwanan wata a cikin kanun. Satin da ya wuce wani dattijo ya tsaya mani kai da fata, ya miƙo waya yana nuna mani kuɗin buhun dawa wai Google ce ta faɗa, ni ne nake tsawwalawa, da na karɓa na ja ƙasa sai ga shi rubutun 2021 ne.

Naku,
Mai hatsi, Ƙofar Marusa, Katsina