Bayan ranar zaɓe ma talaka yana da abin yi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu tanka wa maganar nan da ta zama ruwan dare, wai "ko ka yi zaɓe ko ba ka yi ba, wanda suka ga dama shi za su ɗora." A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sama da mutum miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin ɗari. Ba mu ga laifin wanda gwiwarsa ta yi sanyi ba. Sai dai a ganinmu, sanyin ya samo asali ne daga ɗaukar cewa aikin ɗan ƙasa na yini guda ne cikin shekara huɗu.

Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardun aikinta, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar tana da kwana 7 ta amsa, kuma za ta iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. In ta ƙi ko ta yi gum, mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara babbar kotu, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000.

Galibi a wajen rubutun ake yin tuntuɓe. Wanda ya rubuta "a gaya mana ina kuɗinmu suke" ya ba ma'aikaci hanyar zillewa. A kama aiki guda, misali asibitin mazaɓa da aka bari ba rufi. A faɗi shekarar kasafinsa, a nemi takardar ba da kwangilar, sunan ɗan kwangila, kuɗin da aka riga aka saki da ranar da aka yi alkawarin kammalawa. A kai kwafi biyu, a tsaya sai akawu ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. In babu hatimin nan, gobe za a ce ba a taɓa ganin takardar ba, alƙali kuwa da shaida yake aiki.

Wani kuskuren shi ne kai takarda inda ba nan ba. Aikin mazaɓa ɗan majalisa ne ke sa shi a kasafi, amma kuɗin ta hannun wata ma'aikata ko hukuma yake bi, kuma sau da yawa sunanta na nan a allon da aka kafa a wurin aikin. Ita za a rubuta wa. Gara kuma mutum biyar ko goma su sa hannu, ba zagi, ba sunan jam'iyya, domin mutum ɗaya nan da nan za a ce ɗan adawa ne.

Da yawa sun fi son zancen kiranye, wato masu zaɓe su dawo da ɗan majalisarsu gida kafin wa'adinsa ya ƙare. Sashe na 69 da na 110 na kundin tsarin mulki sun yarda da shi, amma sai sama da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Na Sanata Dino Melaye a 2018 tun a tantancewa ya wargaje. Ba da wannan ake farawa ba.

A fara da ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ana wallafa abin da kowacce ta samu duk wata. A samo adadin na wata uku, a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a tambaye shi nawa ya shigo asusu da abin da aka yi da shi, a ba kansilan mazaɓa kwafi a hannunsa.

Naku,
Wasu masu bibiyar ayyukan gwamnati