Zuwa ga Malam Liman: dalilin da ya sa muke yi wa mai tarin fuka gwajin ƙanjamau

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Tambayar da kuka yi mini a taron wayar da kai kan tarin fuka, a ƙofar uban ƙasa, ta zagaya gari, har na ji an maimaita ta a rediyo. A bainar jama'a kuka yi ta, don haka a bainar jama'a ya kamata in amsa. Cewa kuka yi wani dattijo cikin masu bin ku salla, mai 'ya'ya da jikoki, ya je asibiti da tari, aka tabbatar tarin fuka ne, sai kuma aka ce za a ɗebi jininsa a duba ƙanjamau. Ya koma gida ransa a ɓace, yana cewa an yi masa kallon mazinaci da furfurarsa. Kuka ce me ya haɗa kifi da kaska? Kuma don me za a ɗauko tsarin da aka yi domin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu a ɗora wa Sakkwato, inda ba ta da yawa?

Maganar ƙarancinta a nan gaskiya ce. Babban binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HIV, ƙwayar da ke haddasa ƙanjamau. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne, a Kudu maso Kudu kuwa 3.1. Ba mu kama ƙafar Afirka ta Kudu ba, inda fiye da rabin masu tarin fuka ke da ƙanjamau. Sai dai wancan lissafi na mutanen gari ne baki ɗaya, masu lafiya da marasa lafiya. Layin da ke gabana kowace safiya a sashen tarin fuka, inda nake aikin jinya, ba mutanen gari ba ne, mutanen da tarin fuka ya riga ya kayar ne, kuma akwai dalilin da ya sa ya kayar da su ya bar maƙwabtansu.

Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar tarin fuka. A jikin mafi yawansu tana kwance ne, garkuwar jiki ta danne ta, kuma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai za ta tasar wa a tsawon rayuwarsu. Yunwa na iya tayar da ita, ciwon suga ma haka, shan taba ma haka. Amma babu abin da ke tayar da ita kamar HIV, domin ainihin ƙwayoyin jinin da ke tsare ta, waɗanda muke kira CD4, su HIV ke cinyewa. Mai ƙanjamau ya ninka wanda ba shi da ita fiye da sau goma wajen haɗarin kamuwa da tarin fuka, kuma tarin fuka ne ya fi kashe masu ƙanjamau a duniya. A 2023 ya kashe mutum miliyan 1.25, cikinsu 161,000 masu HIV ne. Sau da yawa tarin shi ne alamar farko da mutum zai gani, shekaru bayan ƙwayar ta shiga jikinsa bai sani ba.

Abin da na fi so Malam ya riƙe shi ne, sakamakon gwajin nan yana sauya maganin da za mu ba mutum. Da ba ya sauya komai, da ni ma na ce a bar shi.

Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne: wata biyu na ƙwayoyi huɗu a haɗe, wata huɗu na biyu daga cikinsu. In mutum ba shi da HIV, shi ke nan, ya sha ya warke da yardar Allah. In yana da ita ba mu sani ba, muna iya kashe ƙwayar tarin, amma garkuwarsa na ci gaba da zubewa, sai wata cutar ta ɗauke shi a wata na uku, ko tarin ya dawo bayan shekara. Kamar mai yi wa ɗaki yaɓe ne bai duba ko gara ta cinye itacen rufi ba. In kuwa mun sani, ranar nan za mu ɗora shi a kan Septrin, ƙwaya mai araha da ke kare shi daga wasu cututtukan huhu da na ciki. Sannan a fara masa maganin ƙanjamau cikin mako biyu da soma na tari.

Wannan mako biyun ba da ka aka yanke shi ba. A da, likitoci kan jira a gama wata shidan kafin a soma na ƙanjamau, don gudun tara wa hanta magunguna. Aka yi bincike a Durban ta Afirka ta Kudu, aka raba marasa lafiya, wasu a haɗa musu maganin biyu, wasu su jira. Mutuwa ta yi yawa cikin masu jiran har aka dakatar da wannan ɓangaren binciken tun kafin lokacinsa. A Kambodiya kuma aka gwada mako biyu da mako takwas a kan waɗanda garkuwarsu ta yi ƙasa ƙwarai, aka wallafa a 2011 cewa farawa da wuri ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Tun 2021 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mako biyu ga kowa, ko nawa ne adadin CD4 ɗinsa, sai wanda tarin ya hau masa kai ya zama sanƙarau, shi akan jinkirta masa mako huɗu zuwa takwas. Gaskiya ne a can aka gano, amma huhun Basakkwace da na mutumin Durban iri ɗaya Allah ya yi su.

Akwai kuma rikicin da ke tsakanin magungunan kansu, wanda shi ya fi ba ni tsoro a aikina. Jigon maganin tarin fuka shi ne rifampicin, wanda ke sa fitsari ya yi ja, har wasu su tsorata su ce jini ne. Wannan ƙwaya tana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Cikin waɗanda take narkarwa akwai dolutegravir, ɗaya daga cikin ukun da ke cikin ƙwayar da yawancin masu ƙanjamau a Najeriya ke sha sau ɗaya a rana. Don haka duk mai shan su tare sai an ƙara masa miligiram 50 na dolutegravir bayan awa goma sha biyu, har mako biyu bayan ya gama maganin tari. To Malam, a ce mutum yana karɓar maganin ƙanjamau a ɓoye a wani asibiti, ya zo mana da tari bai faɗa ba, mu ma ba mu duba ba. Da hannunmu za mu raunana maganin da ke riƙe da ransa, ƙwayar ta samu sarari ta koyi bijire masa. Haka rifampicin ke raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa mata a hannu, abin da ba kasafai ake tuna gaya musu ba.

Wani lokaci kuma, makonni kaɗan da soma maganin ƙanjamau, sai zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta kumbura, tarin ya ƙaru. Garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta far wa ƙwayar tarin da ƙarfi. In an gargaɗi mutum tun farko, zai dawo a duba shi. In ba a gargaɗe shi ba, sai dangi su ce maganin asibiti bai karɓe shi ba, a kwashe shi zuwa ƙauye.

Tsarin ba hanya ɗaya yake bi ba. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da manufar haɗa yaƙi da cututtukan biyu, ta sabunta ta a 2012, kuma Najeriya, wadda ke cikin jerin ƙasashe 30 da haɗuwarsu ta fi yi wa nauyi, ta ɗauke ta. Kamar yadda ake duba mai tari, haka duk mai ƙanjamau da ya zo karɓar magani ake tambayarsa abu huɗu: tari, zazzaɓi, rama, da gumin dare. In akwai ko ɗaya, a karɓi kakinsa a sa a na'urar GeneXpert, wadda cikin kamar awa biyu take gano ƙwayar, ta kuma faɗi ko mai bijire wa rifampicin ce. Wanda ya galabaita har ba ya iya fitar da kaki, akwai gwajin fitsari da ake yi masa. In babu ko ɗaya cikin alamomi huɗun nan, a ba shi maganin riga-kafin tarin fuka, ko isoniazid kullum na wata shida, ko haɗinsa da rifapentine sau ɗaya a mako har mako goma sha biyu. Wani bincike a Abijan ta Kwaddibuwa, nan cikin Afirka ta Yamma, ya nuna wata shidan nan na isoniazid ya rage mutuwa da kashi 37 cikin ɗari.

Yanzu batun mutunci, wanda shi ne ainihin abin da ya sosa ran dattijon. Malam ya fi ni sanin cewa zato zunubi ne. Ku duba abin da zai faru in aka ce ba kowa za a yi wa gwajin ba, ma'aikaci ya zaɓa. Da me zan zaɓa? Da fuska? In kyale mai rawani in kama direban da ke zirga-zirga Illela da Legas? In kyale matar aure in kama bazawara? Ranar da na soma haka, duk wanda na ce ya miƙo hannu na zarge shi ke nan. Yi wa kowa shi ne ya cire zargin, domin babu wanda aka ware. Kuma ba ta alfasha kaɗai cutar ke shiga ba. Na ga matan da ba su san kowa ba sai mazajensu, na ga yaran da suka sha ta a nono, akwai ƙarin jinin da ba a tantance ba, akwai allurar da aka yi wa mutum biyu. Limamai da yawa a yau ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwaji, ba kuma don suna zargin ango ko amarya ba.

Inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne yadda ake yi. Ƙa'ida ta ce a keɓe da mutum, a yi masa bayani, a gaya masa yana da ikon cewa a'a, kuma ƙin yarda ba ya hana shi maganin tarinsa, wanda kyauta ne. Sakamakon sirrinsa ne, kuma akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta tsangwamar mai ƙanjamau. In wani ya ɗaga murya a baranda ya ce wa dattijo "Baba, je ka a duba ka ƙanjamau," ma'aikacin ne ya yi laifi, ya cancanci a tsawata masa. Cunkoso da gajiya ba hujja ba ce.

Da ni ce da bakin da ake saurare kamar naku, ba a kan gwajin zan tsare hukuma ba. Zan tambaye ta me ya sa a wurare da dama har yanzu mai cututtukan biyu ke bin layi biyu, da kati biyu, a ranaku biyu, wani lokaci a asibitoci biyu, alhali kuɗin mota daga ƙauyukan Gwadabawa ko Tambuwal ya fi ƙarfin mai rama da ba ya iya noma. Zan tambayi wa ke bin sawun wanda 'yan bindiga suka kora daga Isa ko Sabon Birni yana tsakiyar wata na uku, katinsa ya ƙone tare da ɗakinsa, domin yanke magani a tsakiya shi ke haifar da tarin da ba ya jin magani. Zan kuma tambayi batun kuɗi. A Abuja aka taru a watan Afrilun 2001, a taron da aka kira musamman kan ƙanjamau da tarin fuka, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Kaso mai yawa na magungunan nan da kayan gwaji daga asusun Global Fund da shirin PEPFAR na Amurka suke zuwa, kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a watan Janairun 2025, kowa a wannan aiki ya ga yadda rumfar ke rawa. Majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don toshe giɓin, amma cutar da ake sha wa magani har ƙarshen rai ba a riƙe ta da kuɗin gaggawa.

Ina da roƙo biyu. Na farko kan azumi ne. Duk Ramadan muna rasa wasu, ko su daina shan magani, ko su haɗe ƙwayar safe da ta dare su sha a buɗa-baki. In na ce musu shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, sai su dube ni su ce ni malamar asibiti ce, ba ta addini ba. In daga mumbari suka ji, za su karɓa.

Na biyu, dattijon nan. Ban san ko ya ci gaba da shan maganin tarinsa ba bayan abin da ya faru, kuma wannan ya fi damuna a kan gwajin. Ku taimaka ku ce ya koma, ko ya ƙi gwajin jinin za a ba shi maganinsa. A kawo iyalin gidan su ma a duba su, musamman jikokin da ba su kai shekara biyar ba da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Duk wanda ke cikin jama'arku da tarin da ya kai mako biyu, ya daina sayen maganin tari a kemis, ya zo a duba kakinsa, ko ya kira 3340, kyauta ne, za a gaya masa wurin gwaji mafi kusa da shi.

A gafarce ni in na yi tsawo a gaban manya. Wassalam.

'Yarku,
ma'aikaciyar jinya a sashen tarin fuka, Sakkwato