Wasiƙa zuwa ga ƙawata a Agege

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan alhamdulillahi, sanyi ya fara leƙowa. An gama yankan gero, dawa ce kawai ta rage a gona.

Saƙonki ya iso, na yi ta dariya har Inna ta ɗaga labule tana tambayar ko lafiya. Wai yau ke ce mai sayen zogale a ƙulle a leda, ke da ake kora daga bishiyar bayan ɗakinmu! Tana nan, har ta fi katanga tsawo.

Kin tambaye ni yadda muke yi da tsadar nan tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ba wata dabara, rumbu ne. Bana ma sai da muka yi ’yar jayayya da maigida, yana son ya fitar da rabin geron kasuwa tun da kaka. Na ce a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sauran a rufe. Bara waccan ya sayar da araha, ruwa na tsakiyar zuba muka koma awo da tsada, geron da wataƙila namu ne. Ga kuɓewa na yanka na shanya, ga kuka, ga barkono, ga yakuwa da rama a gefen makwarara. Kaji tara, awaki uku.

Amma kada ki ɗauka rumbu kaɗai ke riƙe gida. Na gane haka ne lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, bayan da Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauya ’yan 200 da 500 da 1,000. Ku can kuna layin banki, mu nan ko bankin babu. Mai POS in ya samu kuɗin sai ya yanki kasonsa mai tsoka, turawa ta waya kuwa sabis ya ƙi. Ga hatsi cike da rumbu, amma ba gishiri, ba mai, ba sabulu. Tuwo ba ya ciyuwa gaya.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ce ta fara warware mana. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida, na ce Adda yau fa ba kuɗi. Ta ce, yo da can da kuɗi iyayenmu ke yi? Kawo gero. Ita ta karɓi kwanon ta auna da kanta, ta yi masa tozo, ta kewaye bakinsa da hannu don kada ƙwaya ɗaya ta zube. Na ce wannan ai kwano da rabi ne. Ta ce to nonon ma ban tsarge shi da ruwa ba. Ta ɗora mini ɗan curin man shanu a kai, muka rabu kowa na ganin shi ya ci riba. Daga nan unguwa ta koma ba ni gishiri in ba ka manda: ƙwai a karɓi man gyaɗa, dusa a karɓi itace, harawa a karɓi taki. Mai kanti ma ya riƙa karɓar gyaɗa yana ba da gishiri da omo.

Sai dai abin na da ɗacinsa. Wata maƙwabciya ta karɓi dakwalwar kazata, mai shirin ƙwai, ta aiko da tiya biyu ta wake. Na juye a tire, ƙawata, rabinsa ƙwari sun huda, gari ne kawai ke tashi. Da a kasuwa na saya da na mayar. Wannan kuwa tare muke zuwa suna da biki, dole na haɗiye, na zuba wa awaki. Har yau in kazar ta wuce ƙofarmu da ’yan tsakinta sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Kuma ba wanda zai karɓi gero a kuɗin makaranta ko allura, shi ya sa da kuɗi suka dawo hannu mutane suka saki musayar. Ni da Adda dai ba mu daina ba.

To ga shawara. Kuɗin da kika ce za ki turo a yi miki tsaraba, bar su. Direban da ke ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa Mile 12 zai tashi wani satin. Zan ba shi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da garin kunu, da zogalen bishiyarki na shanya a inuwa. Ke kuma ki haɗo mini manja galan ɗaya da garin rogo, na Ijebu mai tsamin nan. Ki ɗaure bakin galan ɗin da leda sosai, na bara rabinsa a buhun mutane ya ƙare.

Inna na gaishe ki, ta ce a sa mata goro ko guda goma ne.

Taki har kullum,
ƙawarki ta gida