Zuwa ga ɗana a Melbon ta ƙasar Ostiraliya, kan takardun bizar matarsa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya kuma sanyin garin naku? Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta ce in kira ka a waya, na ce rubutawa zan yi, domin a waya ka iya "to Baba, to Baba" har maganar ta ƙare ba ka ɗauki ko ɗaya ba.

Bakin ƙanwarka ne ya suɓuce, kuma kada ka kira ta da faɗa, ni na tsare ta sai da ta faɗa min sauran. Ta ce kana haɗa takardun bizar matarka, ka zo wurin da ake son shaidar cewa kuna tuntuɓar juna tun tafiyarka, sai ka tarar da giɓin watannin nan da ni da kai muka sani. Wai akwai wani abokinka da ya ce zai ƙera muku hirar WhatsApp ta cike wurin, da ranaku da lokuta, yadda ba mai ganewa. Wai har ka ce wa yarinyar za ka turo mata ta haddace. Ina fatan ƙanwarka ce ba ta ji daidai ba. Idan kuwa haka maganar take, to ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe.

Ban tsaya a kan jita-jita ba. Na sa yayanka ya buɗo min ƙa'idojin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Ostiraliya, ya karanta min, na sa ya maimaita inda ban gamsu ba. Bizar da take nema daga waje ita ce mai lamba 309, ta wucin gadi, sannan mai lamba 100 ta zaman dindindin, wadda galibi sai bayan shekara 2 da shigar da takardu ake duba ta. Ka ga ke nan ba sau ɗaya za a leƙa aurenku ba. Abubuwa huɗu suke aunawa: yadda kuke tafiyar da kuɗi a tsakaninku, yadda gidanku yake, yadda jama'a suka san ku a matsayin miji da mata, da kuma irin riƙon da kuka yi wa juna. Hirar waya ɓangare ce kawai a cikin na ƙarshen. Kai kuma ka ɗauke ta kamar ita ce duka shari'ar, har kana shirin sayar da mutuncinka a kanta.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. A dokarsu akwai sharaɗi mai lamba 4020. Wanda aka kama ya ba da takardar bogi ko bayanin ƙarya, za a iya ƙin ba shi bizar, a kuma rufe masa ƙofa har shekara 3. Wa ke neman bizar? Ita. Sunan wa ke kan takardar? Nata. Kai kana can da aikinka da izinin zamanka, abokin naka ma yana can yana shan iskarsa. Yarinyar nan ce za a rubuta wa maƙaryaciya a kundin gwamnatin wata ƙasa, ita da ko kuɗin cefane ya yi saura sai ta dawo da shi ta faɗi nawa ne. Kuɗin neman bizar da ya haura dalar Ostiraliya 9,000, wanda ba a mayarwa idan an ƙi, ban ma sa shi a lissafi ba. Kuɗi ana samun wani. Shekara 3 a kan waɗanda ta riga ta yi tana jira, wa zai biya ta?

Kuma ka san suna iya kiranta a waya su yi mata tambayoyi ita kaɗai, su kira ka daban, su gwada amsoshinku. Ka taɓa ganin ta yi ƙarya ta kai ƙarshenta? Ni na san ta tun tana rarrafe. Tambaya ta biyu muryarta za ta fara rawa, ta uku ta fashe da kuka. Mutanen nan aikinsu ke nan safe da yamma, sun ga hirar ƙirƙira iri-iri kafin taka. Za su ga saƙo ya fita a lokacin da takardar albashinka ta nuna kana bakin aiki, ko su ga mutanen da suka yi wata da watanni suna hira kullum amma babu kira ko ɗaya a tsakani. Tsakaninku da ita awa 9 ne, ya koma 10 idan kun tura agogonku gaba a watan Oktoba. Abokin naka ya lissafa wannan? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko ta wuce a matakin farko, tana nan kwance a fayil har ranar da za a duba na dindindin, kuma duk tsawon lokacin matarka za ta zauna da fargaba a ƙasar da ba ta da kowa sai kai.

Ranar da mahaifinta ya ba ni ita, bai tambaye ni me kake samu ba, bai tambayi yaushe za ka ɗauke ta ba. Cewa ya yi, "Na ba ka, don na san gidan da za ta." Da wane ido zan dube shi idan aka ce ɗana ne ya koya mata ƙarya, ƙaryar kuma ta faɗo a kanta? Na san har gobe kana ganin ni na matsa aka ɗaura auren kafin ka tafi. E, ni na matsa, kuma ko yau aka dawo da maganar haka zan yi. Na ga abin da ya sami ɗan kawunka da aka ce a bari sai ya dawo. Ba kuma ɗaure ka na yi na kai ka ba, da bakinka ka ce kana son ta, a gaban mahaifiyarka.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne giɓin da ke kan takarda ya dame ka har kana neman mai cike maka shi, amma watannin kansu ban ji ka ce komai a kansu ba. Mu muka gan su. Mu muka ga yarinya tana zaune cikin mutane, waya a cinya, ko ƙara kaɗan ta yi sai ta zabura. Mahaifiyarka ta tambaye ta ko kuna magana, ta ce "Lafiya lau, Mama, aiki ne ya yi masa yawa." Ta rufa maka asiri a lokacin da ba ka cancanta ba. Ban tambaye ka abin da ya haɗa ku ba, yanzu ma ba tambaya nake ba, tsakanin miji da mata sai Allah. Amma namijin da ya yi fushi ya ɗauke wa matarsa murya tsawon wannan lokaci, tana wata nahiya yana wata, bai yi abin da na koya masa ba. Ni da mahaifiyarka mun sha saɓawa, ba ta taɓa kwana ba ta san inda na dosa ba.

To, ya isa. Na san kai ma ba daɗi ka ji ba, kuma na san zaman kaɗaici a ƙasar mutane yana juya wa mutum tunani. Tunda kun shirya, alhamdu lillahi. Ga abin da nake so ka yi.

Cikin takardun akwai bayanin da kowannenku zai rubuta na tarihin zamanku: yadda kuka haɗu, yadda aka yi aure, lokutan da kuka yi nesa da juna, da abin da kuka shirya nan gaba. A nan za ka faɗi gaskiya. Ka ce an sami saɓani daga wata kaza zuwa wata kaza, magana ta yi ƙaranci, iyaye suka shiga, aka daidaita. Ita ma ta rubuta nata da kalmominta, kada ka rubuta mata. Wanda zai karanta ɗan Adam ne, ya san ma'aurata suna faɗa. Abin da dokarsu ke nema shi ne aure na gaskiya mai ɗorewa, kuma auren da aka yi faɗa aka shirya yana cikinsa. Idan kana tsoron yadda za ka tsara maganar, ka nemi wakilin shige da fice mai rajista da gwamnatinsu ko lauya, ka biya shi. Abokin nan naka kuwa, ka gaishe shi daga nesa.

Sannan ka tattara abin da yake akwai, domin yana da yawa, raina shi kake yi. Tun da kuka shirya kusan kullum kuna waya, har mahaifiyarka tana tsokanar ta. Ku ɗauki hoton jerin kiran, inda ranar da tsawon maganar suka fito. A hirar rubutu ba sai kun kwashe duka ba. Ku zaɓi kaɗan daga kowane wata, tun daga tafiyarka har yau, yadda mai dubawa zai ga zaren bai tsinke ba sai a wurin da kuka riga kuka yi bayani. Ku zaɓi inda kuke maganar rayuwa: neman gidan da za ku zauna, karatun da take son ci gaba da shi, ranar da ka yi zazzaɓi ta hana ka fita aiki. Abin da ke na sirrin miji da mata ku bar shi a wayoyinku, ba a nema ba, kuma kada ka tura ko layi ɗaya ba tare da ta gani ta yarda ba. Tunda da Hausa kuke hira, dole a fassara zuwa Turanci, kuma idan a can za a yi sai mai fassara da NAATI, hukumarsu ta tantance masu fassara, ta amince da shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka taƙaita. Ka ce mata kada ta canza waya ko lamba sai ta tabbatar an adana hirar, ka san wayar tata ta fara mutuwa da kanta.

Maganar kuɗi. Abin da kake aikowa ta hannuna yake biyowa, ni na ce a yi haka, kuma ina da dalilina a lokacin. Amma rasit ɗin sunana yake ɗauke da shi. Daga wannan wata ka riƙa tura nata kai tsaye asusunta, da sunanta, ka ajiye kowane rasit. Na baya kuma zan rubuta takarda in sa hannu cewa ni nake karɓa ina miƙa mata, in haɗa da bayanan asusuna. Tikitin zuwanka na bara, da tambarin da ke fasfo ɗinka, da hotunan da aka ɗauka da dangi a lokacin, duk ka haɗa. Akwai kuma fom mai lamba 888 da mutanen da suka san aurenku suke cikewa. Ka ba waɗanda suka san ku da gaske, irin maƙwabcin nan naka da ka ce matarsa tana gaisawa da ita a waya, su rubuta abin da suka gani da idonsu kawai.

Jiran zai yi tsawo, kowa ya faɗa. Kada ka shigar da takardu ka koma shiru, domin suna iya neman sabuwar shaida a tsakani. Ni dai ko babu biza a gaba, kiran nan hakkinta ne.

Ita ban yi mata maganar nan ba, ba kuma zan yi ba. Kai za ka kira ta ka ce kun fasa wancan shiri, ka ba ta haƙuri a kan ka taɓa kawo mata shi. Na tabbata za ta fi kowa samun sauƙi. Idan ka yi, ka kira ni ranar hutunka, da safenku, ina nan ban kwanta ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoton da ka turo, ka riƙa cin abinci. Gwiwar tawa da sauƙi, kada ka sake aiko da wani magani, wanda ke nan bai ƙare ba. Allah ya yi maka albarka, ya kawo matarka gare ka ta hanyar da ba za ku ji kunyar faɗa wa 'ya'yanku ba.

Mahaifinka.