Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya: a ba ungozomomi damar jagorantar bincike

Zuwa ga Mai girma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni malama ce mai koyar da ɗaliban ungozoma a wata makarantar jinya a Arewa. Ku ne kuke shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko lokacin da aka fara shirin tura ungozomomi karkara a 2009, saboda haka ba sai na gaya muku wanda yake tsaye a kan mai naƙuda da tsakar dare ba. A 2020, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadiyyar ciki ko haihuwa 'yan Najeriya ne, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Da yawansu a hannunmu suke cikawa, kuma abin yana ci mana rai.

Kun san binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa da aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a nan gida. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Da can, da ido muke kintatar jinin da mace ta zubar: a duba zani, a duba shimfiɗa, a ce bai kai ba. Sai aka kawo leda mai zanen awo da ake sa wa a ƙarƙashin mai haihuwa. Da jini ya kai layin haɗari, nan take a tausa mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke da wata allurar tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin yake fitowa, duka a lokaci guda. Zubar jini mai tsanani da abin da yake haifarwa suka ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan aiki kuwa, daga shimfiɗa ledar har cike takardun, hannun ungozoma ne ya yi mafi yawansa.

Haka binciken goyon bakwaini a ƙirji da aka fitar a 2021, wanda Ile-Ife na cikin wuraren da aka yi shi. Jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba, idan aka kwantar da su fata da fata a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi 25 cikin 100.

To, ranka ya daɗe, ga inda kukana yake. A irin waɗannan ayyuka mu ne masu aiwatarwa da tattara bayanai, amma da wuya a tambaye mu abin da ya kamata a bincika. Alhali akwai tambayoyin da sai wadda take kwana a ɗakin haihuwa ce za ta hango su. Yaya za a yi goyon ƙirji ga yarinyar da ta haifi ɗan fari, wadda kunya ta hana ta ko kallonsa a gaban surukarta? Za a iya sa kaka ko gwaggo ta karɓe ta? Me ya sa mace za ta zo awo ba fashi, amma ranar naƙuda ta haihu a ɗaki? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da yawan zafi, har yau kuma ana dama kunun, ana wankan jego da tafasasshen ruwa. Wace magana ce za ta shiga kunnen uwar mai jego ba tare da ta ji an raina ta ba? Haka gashin cibiya da tsumma mai zafi bayan an ba uwa man kulohezidin na kashe ƙwayoyin cuta a cibiya a asibiti. Waɗannan duk bincike ne na gaske, kuma rayuka suna rataye a kansu.

Muna da masu digiri na biyu da na uku a fannin jinya, sai dai nas ɗin da ita kaɗai take riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya ba ta da lokacin zama ta rubuta komai, ba ta kuma da kuɗin mota zuwa ƙauye. Manyan littattafan rajistar da muke cikewa, wani lokaci da fitilar waya, suna jibge a kabad babu mai karantawa.

Na yaba da shirin MAMII na rage mutuwar mata masu ciki da jarirai da kuka ƙaddamar a 2024 da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Roƙona shi ne a ware wani kaso a cikinsa don binciken da ungozomomi da nas-nas za su jagoranta da kansu, a rage musu aikin ɗaki na tsawon lokacin, a kuma dawo da sakamakon ga matan da aka yi binciken a kansu, da Hausa, a ranakun awo da ta rediyo. Kafin nan, don Allah a tabbatar ledar awon jini ta isa kowane ƙaramin asibiti da ake haihuwa a cikinsa, tare da horo da firij mai aiki, domin oksitosin yana lalacewa a zafinmu.

Allah Ya taya ku riƙo. Wassalam.

Wata malamar ungozoma