Godiya ga ɗakin hoton da ya ɗauki zuri'armu a cikin birnin Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam mai ɗakin hoto, da Hajiyar da ke kula da ɓangaren mata, da samarin da suka sha ɗawainiyar kujeru da kayan aiki. Bayan gaisuwa mai yawa, muna fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da abokan aikinku.

Mu ne kwamitin zumunci na zuri'ar da kuka ɗauka hoto a cikin birni a hunturun da ya wuce, mutum 42, tun daga kaka mai shekara 80 da 'yan kai har zuwa jaririn goye. A cikinmu akwai waɗanda suka daɗe a sana'ar ɗaukar hoto da wankinsa, saboda haka abin da za mu yaba mun san nauyinsa. Mun zaɓi mu yi godiyar a bainar jama'a domin yabon gwani ya zama dole, kuma domin iyalai da yawa suna sha'awar hoto a gaban ginin gargajiya, amma sai a tashi da rana a ido, yara na kuka, tsofaffi sun gaji da tsayuwa.

Abin da ya fara burge mu shi ne kun taka da ƙafarku kun je kun ga wuraren mako guda kafin ranar, kuma a daidai lokacin da za a yi aikin. Mai hoto da yawa yana dogara da abin da ya tuna, ya manta cewa bangon da ya gani cikin inuwa da safe shi ne rana ke duka da yamma. Kun auna fili da taku, kuka ce mana taron mutum 42 a jere huɗu zai ci faɗin kusan mita 7, mai kyamara kuma yana buƙatar ja da baya kamar mita 10. Da wannan lissafin kaɗai kuka cire lungunan Mandawari da na Yakasai daga babban hoton, duk da kyan zankwayensu da zanen dagi a goshin soraye. A lungu babu wurin ja da baya, dole a sa wa kyamara gilashi mai faɗin gani, shi kuwa yana miƙe fuskar mutanen da ke gefe, ya kumbura kafaɗunsu, ya sa bango ya yi kamar zai faɗo. Kuka bar lungun don ƙananan hotuna, na mutum uku zuwa biyar a bakin zaure, inda ya fi dacewa.

Kun kuma faɗa mana gaskiya game da sauran wuraren. Dutsen Dala yana nuna birni gaba ɗaya, har da Goron Dutse daga nesa, amma matakalarsa ba ta tsofaffi ba ce, a sama babu inuwa, iska kuma tana kwashe mayafi da hula. Kasuwar Kurmi wurin neman abinci ne, hanyoyinta matsattsu, tsayar da mutum 42 a ciki tare wa bayin Allah ciniki ne. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta tun 1498, kun yarda da ita don hoton matasa kawai, bisa sharaɗi biyu: kada yaro ya matsa bakin rami, kuma kada mai farar shadda ya raɓi zanen da aka tsamo, domin baba idan ya kama tufa ya kama. Babban hoton kuka ba da shawarar a yi shi a Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ake danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Akwai fili, akwai inuwar bango mai kauri, akwai wurin da dattijo zai zauna ya huta, kuma launin ƙasar ginin yana karɓar kowane irin tufafi.

Kan maganar izini ba ku yi kasala ba. Kun shiga ofishin gidan tarihin kun tambayi ƙa'idarsu game da shiga da kyamara da taron jama'a, da abin da ake biya, kuka sanar da mu tun kafin mu tara mutane. A unguwa kun bi ta hannun mai unguwa, sannan kuka yi sallama da mai gidan da za a tsaya a ƙofar zaurensa. A marina kun gaida shugabanninsu, kuka ware musu abin goro a cikin lissafin tun farko. Hoton samari biyar da aka yi daga nesa da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki ma sai da kuka yi magana da dogarai. Wanda bai san cikin birni ba zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma duk bangon da ya yi kyau a hoto bangon gidan wani ne, akwai matan aure a bayansa, akwai masu shiga da fita. Da wasu samarinmu suka so hawa kan ganuwa kuka hana, kun yi daidai. Ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, ƙasa ce, abin da ya rage nata yana zaizayewa, kowace ƙafa da ta hau tana rage wani abu.

Zaɓen lokaci shi ne inda muka ga ƙwarewa sosai. Kano tana kusa da daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana hawa sama ƙwarai. Wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta tana tsayawa tsaf a kan kai da azahar. Hoton da aka ɗauka tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 3 yana fitowa da ramukan ido baƙi ƙirin, hanci da goshi suna ƙyalli, mai rawani kuwa rabin fuskarsa ya ɓace. A hunturu rana tana karkata kudu, saboda haka bangon da ke kallon kudu yana shan ta wuni guda, wanda ke kallon arewa kuma yana cikin inuwa mai laushi. Ku kun tsayar da jama'a a inuwa, fuskokinsu suna kallon buɗaɗɗen sarari, babu wanda ya runtse ido. A watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe 6 da 'yan mintuna, kuka ce kowa ya yi la'asar ya hallara ƙarfe 4, a fara da babban hoto da huɗu da rabi, a gama komai kafin shida saura kwata don a samu magariba cikin natsuwa. Kun kauce wa Juma'a saboda cikar da ake yi a kewayen babban masallaci, kuka kuma gargaɗe mu kada mu taɓa sa irin wannan aiki a ranakun Hawan Sallah, Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, lokacin da hanyoyi na dawakai ne da 'yan kallo.

Hazo yana da amfaninsa da illarsa, kun kuma san duka biyun. Idan ya yi kaɗan yana tausasa rana kamar an rataya mata farin ƙyalle. Idan ya yi kauri sai hoto ya fito fari fat, launi ya mutu, ginin da ke nesa ya dushe. Shi ya sa kuka ajiye mana rana ta biyu tun farko ko da ta farkon ta ɓaci. Mun lura kun zo da kyamara biyu, kowace da gilashinta a ɗaure, don kada a buɗe cikinta a fili ƙura ta shiga ta zauna, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin kowane hoto.

Takardar da kuka aiko game da tufafi ta rage mana gardama. Ba ku tilasta anko ba, kun ce a zaɓi launi biyu ko uku da ke tafiya da jar ƙasa, kamar shuɗin baba, ruwan madara da ruwan toka, a guji ruwan ƙasa sak don kada mutum ya narke cikin bango. Kun yi bayanin matsalar farar shadda mai ƙyalli: kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuskokinmu kuma baƙaƙe ne, sai su duhunce. Idan aka ƙara haske don fuska, aikin wuyan babbar riga ya wanke ya ɓace. Maganin da kuka yi shi ne auna haske a kan fuska, a tsaya a inuwa inda tazarar fari da baƙi ba ta da yawa, sannan a ɗan taɓa filasha kaɗan don ya cike ƙarƙashin hula da rawani. Jan bango kuma yana mayar da launinsa kan farin tufa, don haka kuka fara ɗaukar kati mai ruwan toka a wurin don daidaita launi daga baya. Har man shafawa kun yi magana a kai: a shafa wa yara a leɓe da gwiwar hannu saboda kaushin hunturu, amma kada a cika shi a goshi.

Wajen jera mutane kun nemi a ba ku mutum guda daga dangi wanda ya san kowa, da takardar sunaye bisa girma. Wannan ya hana kuskuren da ke ɓata zumunci, a zaunar da ƙane a tsakiya a bar wa a tsaye, ko a tura uwargida gefe. Kun jera kujeru 9 da benci biyu da darduma kafin kowa ya iso. Aka fara tsayar da na baya a kan benci, sai jere na biyu a ƙasa, sai yara a kan darduma, dattawa su ne na ƙarshe da aka kawo, suka zauna bai fi minti 10 ba aka sallame su. Kowane kai kuka sa shi a tsakanin kafaɗu biyu na jeren gabansa, kuka ce duk wanda ba ya ganin kyamara da ido biyu to ita ma ba ta ganinsa. Masu tabarau kuka ce su ɗan sunkuyar da haɓa don ƙyalli ya sauka.

Ga masu sana'a da za su karanta wannan, ga abin da muka gani. Kyamara tana kan ƙafarta, an ɗaga ta sama da kan mutum kaɗan, mai ɗauka yana kan ɗan gajeren tsani, don fuskokin jeren baya su fito. Gilashi na milimita 50 ne, buɗin idonsa a f/8, an saita kaifi a kan jere na biyu, saboda haka daga yaran gaba har masu tsaye a benci kowa ya fito tar. Saurin ƙyaftawa bai sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa ba, domin yaro ba ya tsayawa cik. Da yawa suna buɗe ido zuwa f/2.8 don baya ya dushe, sai kaifi ya ragu a jeren da ke nesa da inda aka saita, ginin da aka zo dominsa ma yana iya yin dishi-dishi. Kun ɗauki hoton sau 20 ko fiye ba tare da motsa kyamara ba, don a taro irin wannan da wuya a rasa mai ƙyafta ido, kuma idan kyamara ba ta motsa ba ana iya ɗauko fuska daga wani a gyara wani. Kun kuma roƙi masu waya su dakata sai kun gama, saboda idan wayoyi biyar suna gefe idanun yara sukan rabu biyar.

Hajiya, ke kuma godiyarki daban ce. Hotunan mata zalla ke kika ɗauka a cikin gida, kika gyara wa kowa lulluɓi da ɗaurin kallabi da hannunki. Waɗanda ba sa son a ɗauke su, saboda fahimtarsu ta addini ko don ra'ayin kansu, babu wanda ya matsa musu ko ya saci hotonsu daga gefe. Kuma tun kafin a fara kun rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba za ku sa ko ɗaya a Facebook, Instagram ko TikTok don talla ba sai da izinin masu shi. Mun duba, kun cika alkawari.

Bayan kwana 10, kamar yadda kuka faɗa, aikin ya iso. Ba ku goge fuskar kowa ta koma kamar roba ba, ba ku kuma haska fatar kowa ba, tsagen fuskar kakarmu yana nan yadda yake. Babban hoton kun buga shi inci 12 da 18 a takarda marar ƙyalli, wanda ke buƙatar fiksel 3,600 da 5,400 idan ana son ɗigo 300 a kowane inci, kuma kyamararku ta wadatar da hakan. Kun sa kwali tsakanin hoto da gilashin firem don kada danshin damina ya manne su. Kun ba mu asalin hotunan a filas biyu, kuka ce a ajiye su a gidaje daban-daban, sannan idan za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, domin tura shi kai tsaye yana matse hoto har ya kasa buguwa da girma. Kuɗin da muka biya shi ne wanda aka rubuta ranar farko, babu ƙarin ko sisi.

Roƙonmu ɗaya ne. Takardar nan mai layuka da kuka haɗo da hoton, wadda aka zana kan kowa da lamba don a rubuta sunansa da na mahaifinsa, ku mayar da ita al'ada ga duk iyalin da kuka yi wa aiki. Tamu mun cike ta, mun liƙa a bayan firem tare da kwanan wata da sunan wurin.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara buɗi.

Wassalam,
Kwamitin zumunci, a madadin dattawa da iyayenmu mata da sauran dangi, cikin birnin Kano.