Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Bunƙasa Ƙarafa Na Nijeriya, Daga Jubail

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Minista, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ni mai walda ne, jikan maƙeri, ɗan cikin birnin Kano. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina neman abinci a Jubail, a gabashin Saudiyya, bakin Tekun Fasha, ƙarƙashin wani ɗan kwangila mai gyaran bututu da tankuna a masana'antu. Ban taɓa rubuta wa mai mulki takarda ba. Wata hira ce ta ranar Juma'a ta hana ni barci, har na ga gara in amayar da abin da ke cikina.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, ba kamar Makka da Jidda ba, inda mutum zai wuni bai yi Larabci ba. Yawancinmu direbobin tirela ne da masu walda, sai injiniya ɗaya-biyu. In an sauko Juma'a mukan taru a ɗakin wani dattijo Bakatsine, a tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa miyar kuka da daddawar da wani ya yo tsaraba daga gida. Rannan wani yaro ya karanto mana a waya cewa an sake sa hannu a kan yarjejeniyar farfaɗo da kamfanin ƙarfe na Ajaokuta. Dattijon ko ɗago kai daga kwano bai yi ba, ya ce, "Tun gemuna yana baƙi nake jin wannan labari." Kowa ya yi dariya. Ni dariyar ta maƙale mini a wuya, domin in ka hau saman benen nan da dare kana hango hasken unguwar masana'antu, kuma a cikin hasken akwai kamfanin ƙarfe na Hadeed, wanda sa'an Ajaokuta ne. A 1979 aka kafa Hadeed. A 1979 ɗin Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet a kan gina Ajaokuta. Ɗaya ya fara fitar da ƙarfe a 1983, yau yana iya yin wajen tan miliyan 6 a shekara. Ɗayan har gobe ba a taɓa hura babban tanderunsa ba.

Ranka ya daɗe, bari in fara daga maƙerar kakana, don a can na fara sanin abin da nake son faɗa maka. Tun ina ɗan shekara bakwai aikina shi ne zuga. In zauna in miƙe ƙafa, zugazugin fatar akuya biyu a hannuna, in danna wannan in saki wancan, har kafaɗa ta yi tsami. Shi kuwa tsoho ba ya taɓa masaba ko awartaki da safe sai ya gama da gawayi. Zai zube buhu, ya tsince na ƙirya gefe guda, ya karya ɗaya ya saurari ƙararsa, wanda bai yi masa ba ya tura wa mata su yi girki. Manomi zai zo da garma yana gaggawa, damina ta kawo kai, tsoho ya ce masa ya zauna, wuta ba ta nuna ba. Na sha ganin an yi fushi an tafi, ban taɓa ganin ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera wuta ba ta kai ba. Kuma wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kanawa kan ce maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, garin ya kafu a kansu. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyan ƙarfe da suka haura shekara 2,000.

Da na zo Jubail na tarar Larabawa tsarin kakana suka bi, sai dai nasu da kuɗi. Garin nan ƙauyen masunta ne da masu nutso neman lu'ulu'u. Iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen mai kuwa ƙone ta ake yi a banza, dare da rana, kamar yadda har yanzu ake yi a wasu wurare a Neja Delta. A 1975, zamanin Sarki Khalid, aka kafa hukuma guda ta musamman don Jubail da Yanbu, aka kuma umarci kamfanin mai na Aramco ta tattara gas ɗin nan ta bututu ta kai shi inda za a mora. A 1976 aka kafa SABIC, babban kamfanin masana'antu na gwamnati, wanda a ƙarƙashinsa Hadeed ya taso. Hukumar Jubail da Yanbu ɗin ita ta riƙe fili, da ruwan sanyaya injuna da ake jawowa daga teku, da hanyoyi, da gidajen ma'aikata, da makarantar koyon sana'a, aka gina tashar jiragen ruwa ta masana'antu. Sai da wuta ta zo bakin ƙofa, sannan kamfanin ƙarfe ya fara aiki. Kuma bai fara da girman kai ba. Rodin gini ya fara yi, da waya, kimanin tan 800,000 a shekara, abin da kasuwa ke kuka da rashinsa a lokacin da ƙasar duka ta zama fagen gini. Falle-fallen ƙarfe na tankuna da bututu sai daga baya, da ƙafa ta yi ƙwari.

Abin da zai ba ka mamaki, ranka ya daɗe, ba su haƙar tamar da suke narkawa. A jirgin ruwa ake kawo musu ita daga ƙasashe irin su Brazil, an dunƙule ta ƙanana kamar gurjiya. Ana zuba ta daga saman wata doguwar hasumiya, gas mai zafi yana taso mata daga ƙasa, ya tsotse iskar da ke manne da ita ba tare da ta narke ba. Sai ta fito ƙasa ta zama ƙarfe mai huji-huji kamar soso. Daga nan a haɗa da tsofaffin ƙarafa a zuba a tukunyar lantarki. Na taɓa tsayawa daga nesa, wani aikin gyara ya kai mu, na ga an saukar da sandunan lantarkin nan uku cikin tukunya. Ƙarar kamar aradu ce ta ƙi ƙarewa, ƙasa tana rawa a tafin ƙafata, hasken ko ta baƙin gilashi sai ka runtse ido. Wani injiniya ɗan Masar da ya yi mini bayanin hasumiyar, na ce masa ai mutanen Dala haka suke yi, su ma ba sa narkar da tama ta zama ruwa, dunƙule suke cirowa su yi ta duka har kashin maƙera ya fita. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, bambancin gawayi da gas ne kawai.

Wannan fasaha, Midrex ake ce mata, muna da ita a gida kafin su. Kamfanin ƙarfe na Aladja kusa da Warri da ita aka gina shi, aka buɗe a 1982, don ya yi tan miliyan 1 a shekara. Shi ne zai riƙa aika sandunan ƙarfe zuwa masana'antun murza rodi uku, Jos da Osogbo da Katsina, kowacce tan 210,000. Ta Katsina Japanawa ne suka gina, kamfanin Kobe Steel. Dattijonmu yana tuna lokacin da samun aiki a can ya fi auren 'yar sarki. Amma a duba nisan: sandar ƙarfe ta taso daga bakin teku a bayan tirela, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga Katsina, babu layin dogo. Da Aladja ta fara tari, sai 'ya'yan nan uku suka kwanta. An sayar da su ga 'yan kasuwa a zamanin Obasanjo na farar hula.

Ajaokuta kuma wata hanya aka ɗauka, ta babban tanderu mai cin gasasshen kwal. Shugaba Shagari ya aza harsashi a 1980. Fili hekta 24,000, zangon farko tan miliyan 1.3, har a 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100. Kullum wannan kashi 98 ake karanta mana, kamar saura ƙiris. To amma irin wannan tanderu in an hura shi ba a kashewa, shekaru yake yi yana ci dare da rana, in ya huce da ƙarfe a cikinsa an yi asara babba. Dole tama ta riƙa zuwa daga Itakpe kullum, kuma tamar Itakpe ba mai ƙarfi ba ce, sai an wanke ta an tace. Dole farar ƙasa ta zo. Dole kwal mai gasuwa ya zo, kuma na Inugu ba irinsa ba ne, sai an shigo da shi ta teku. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da zai yi wannan jigila sai a 2020 aka ƙaddamar da shi, shekara 40 bayan harsashi. An ƙera uwar maƙera ta gani ta faɗa, ba a tanadi gawayi ba. Sauran labarin ka fi ni sani: an ba kamfanin Solgas riƙon Ajaokuta a 2003, an ba kamfanin Indiyawa na Global a 2004, marigayi 'Yar'aduwa ya soke a 2008, aka yi ta shari'a har Nijeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 a 2022 don ta karɓi abinta. Kuɗin nan ko ƙusa ɗaya ba su ƙera ba.

Wani zai ce ai Saudiyya kuɗi gare ta. Haka ne. Amma hauhawar farashin mai ta 1973 ba su kaɗai ta yi wa ruwan kuɗi ba, mu ma a lokacin muka ci ƙarin albashin Udoji. Faɗuwar farashin a shekarun 1980 ma tare ta same mu. Kuma kada a ɗauka ina cewa nan aljanna ce. A tsakiyar bazara doka ce ta hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, don zafin yana iya kashe mutum, kuma baƙon lebura ya san matsayinsa, iƙamarsa a hannun wani take. Hadeed ɗin ma ya sha wuya da ƙarfen waje mai araha, har SABIC ta sayar da shi ga asusun zuba jarin gwamnati, PIF, a 2023 a kan riyal biliyan 12.5. Sai dai a duk wannan canjin hannu tukunya ba ta huce ba.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe, a rage kai mu Mosko da Beijin a hoto. Tun ganawar Shugaba Buhari da Putin a Sochi a 2019 muke ganin musabaha. Ka fito ka faɗa wa 'yan ƙasa ƙarara: babban tanderun nan za a hura shi, ko kuwa hanyar gas za a koma? In za a hura, daga ina kwal zai zo, ta wace tasha, a nawa, wa zai biya? In gas ne, to ga bututun AKK mai kilomita 614 da aka fara a 2020, daga Ajaokuta ɗin ya taso, ya bi Kaduna ya nufi Kano. A ganina takardar da ta fi kowace yarjejeniya daraja ita ce wadda za ta ce ga yawan gas da masana'antar ƙarfe za ta samu, ga farashinsa, na shekara kaza, kuma canjin gwamnati ba zai taɓa ta ba. Na san gas ba a ofishinka yake ba, lantarki ma haka, layin dogo ma haka. Wannan ita ce cutar. A Jubail hukuma ɗaya aka ba wuƙa da nama. Tun da aka ware wa ƙarafa ma'aikata tasu a 2023, ai an ba ka bakin da za ka nemi irin wannan a majalisar zartarwa.

Akwai kuma tamar da ba a haƙa, wadda ke yawo a kura a titunan Kano da Kaduna. Yaran jari-bola da 'yan gwangwan su ne ke ciyar da ƙananan kamfanonin da ke narka tsohon ƙarfe su yi rodi. Ana kallonsu a matsayin ɓarayin murfin kwata, kuma akwai ɓata-gari a cikinsu, ban musa ba. Amma a nan tsohon ƙarfe dukiya ce mai lasisi da sikeli da farashi sananne. A yi musu rajista, a sa ido a kan ingancin rodin da ake fitarwa. Ni mai walda ne, na san rodin da in ka lanƙwasa shi yake karyewa kamar rake, na kuma san a ƙarƙashin irinsa mutane suke kwana.

Sai maganar hannu. Matasan da aka tura Tarayyar Sobiyet da Indiya koyon aikin Ajaokuta, yau wanda bai rasu ba ya yi ritaya, da yawansu ba su taɓa yin aikin da suka koyo ba. Ranar da za a hura wuta, wa zai tsaya a gabanta? A Jubail da Dammam da Yanbu akwai 'yan Nijeriya, Hausawa da Yarbawa da Ibo, masu takardar shaidar waldar bututun gas da ake haska ɗinkinsu da na'ura kafin a karɓa, akwai masu tuƙa kuren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, akwai masu gyaran lantarkin masana'anta. Babu wanda ya taɓa ƙirga mu. Ƙaramin ofishin jakadancinmu yana Jidda, babban yana Riyad, rajista ɗaya za a buɗe a san waye ya iya me. Da yawanmu za mu koma a kan rabin abin da muke samu, in dai aikin na gaske ne kuma albashi yana fita ƙarshen wata.

Ina da ɗa mai shekara 17 a Kano, yana koyon walda a wajen ƙanena, suna yin ƙofofi da tagogi da ƙarfen da aka shigo da shi daga waje. Ya dame ni in nema masa biza ya zo nan. Na ce ya dakata. Kwangilata za ta ƙare bayan Babbar Salla, kuma kafilina ya riga ya tambaye ni ko zan sabunta. Na ce masa ya ba ni wata biyu. Dattijon Bakatsine ya ce in sabunta kawai in daina wahalar da kaina, ya kuma sa min tara: in amsa ta zo daga ofishinka, shi zai sayi ragon da za mu ci ranar Juma'a, in ba ta zo ba, ni zan saya.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Wani mai walda ɗan Kano,
Jubail, Saudiyya.